Tsibiri a Tsandauri: Namun Daji da Binciken Kimiyya a Ƙasar Rabah, Wurno da Goronyo



Gabatarwa

Mai yiwuwa wani ya yi mamaki, ya ce me ya haɗa nazarin Hausa da namun daji, alhali ga masana ilmin dabbobi da na gandun daji a jami'a? Amsar tana cikin aji. Idan aka rubuta wa ɗalibi kalmomin gwanki da kanki da dari da mariya da gwambaza da batsiya a allo, zai karanta su daidai, har ya faɗi jinsinsu da jam'insu. To, amma a ce ya bambanta gwanki da kanki, wanne ya fi girma, ƙahon wanne ya lanƙwashe baya, wanne ba ya nisa da ruwa, nan take sai aji ya yi tsit. Kakan wannan ɗalibi kuwa da sawu kaɗai yake rarrabe su. Watau kalmar tana nan cikin ƙamus, amma abin da take nufi ya bar dajin. Mai nazarin harshe da ya lura da haka tilas ya bi sawu ya ga inda dabbar ta shiga.

Wannan lacca za ta dubi yankin gabashin Sakkwato, watau ƙasar Rabah da Wurno da Goronyo, sa'an nan ta leƙa wasu tsibirai masu nisa a tekun Fasifik, inda masana suka yi shekara da shekaru suna irin binciken da wannan yanki yake bukata.

Ƙasar da ake magana a kanta

Gulabe biyu ne suka riƙe wannan ƙasa. Rabah, inda aka haifi Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello, kuma inda ya fara hakimci a 1934, tana bakin Gulbin Sakkwato. Goronyo da Wurno suna bakin Gulbin Rima. Gulaben suna haɗuwa kusa da birnin Sakkwato, su gangara Argungu. A tsakaninsu ta gabas akwai tudu mai ƙarancin ruwa, shi ne dajin Gundumi.

Binciken kimiyya ba baƙo ba ne a nan, sai dai ya fara ne da matattu tun kafin ya waiwayi masu rai. Masana ilmin duwatsu sun raɗa wa shimfiɗun ƙasar yankin sunayen garuruwansa, akwai shimfiɗar Taloka, akwai ta Dukamaje, akwai ta Wurno. A lissafinsu, shekaru wajen miliyan 70 da suka wuce teku ne kwance a wurin nan. A 1930 wani masani a Ingila mai suna Swinton ya yi bayanin wasu ƙasusuwa da aka tono a lardin Sakkwato, na wata ƙatuwar dabbar teku mai kama da kada. A 1972 masana daga Italiya, a ƙarƙashin Azzaroli, suka sake nazarin dabbar da sababbin ƙasusuwa, suka ga ta bambanta da danginta, suka sa mata suna Goronyosaurus, ma'ana ƙadangaren Goronyo. Abin dariya ne kuma abin takaici, sunan Goronyo ya shiga littattafan kimiyya na duniya ta dalilin dabbar da babu mahalukin da ya taɓa ganin ta da rai.

Shi kuwa Gundumi, labarinsa na farko a rubuce na Turawa labarin tsoro ne. Clapperton, wanda aka sani da Abdullahi, ya ratsa shi a 1824 a hanyarsa ta zuwa wurin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Barth, watau Abdulkarim, ya ratsa shi a 1853, tafiyar yini da dare ba a yada zango ba, don ƙishirwa da gudun harin Gobirawa, kafin ya sadu da Sarkin Musulmi Aliyu Babba, ya zauna a Wurno sama da wata guda. Abin lura a nan shi ne, yaƙi ne ya tsare dajin. Fili ne tsakanin abokan gaba, manomi ba ya iya kafa bukka, makiyayi ba ya iya daɗewa, saboda haka itace da naman daji suka sami sararawa. Da zaman lafiya ya samu, gatari da garma suka shiga. Gwamnatin mulkin mallaka ta keɓe wani sashe ta kira shi gandun daji, aka yi dokar kare namun daji a 1916, Jihar Arewa ta yi tata a 1963, gwamnatin tarayya ta ƙara da dokar soja mai lamba 11 a 1985. Dokoki dai ba su yi ƙaranci ba.

Tsibiran Galafagos

Tsibiran Galafagos suna cikin tekun Fasifik, kimanin kilomita 1,000 yamma da gaɓar ƙasar Ekwado wadda ke mulkinsu. Duwatsu masu aman wuta ne suka tofo su daga ƙarƙashin teku, ba su taɓa haɗuwa da wata nahiya ba. Duk wani mai rai da ke kansu, ko dai iska ta kai kakanninsa, ko igiyar ruwa, ko fiffike, ko kuma jirgin ɗan Adam. Sunan ma daga wata tsohuwar kalmar Sifaniyanci yake, mai nufin kunkuru, domin akwai kunkuru a can wanda nauyinsa kan wuce kilo 200, ya kuma shekara fiye da ɗari.

Charles Darwin ya sauka can a 1835, ya yi mako biyar. Ba a taru a nan don muhawara a kan ra'ayinsa game da asalin halittu ba, wannan fage ne dabam mai malamansa. Abin da ya shafi wannan zama wani ɗan ƙaramin al'amari ne da ya faru da shi. Mataimakin gwamnan tsibiran, wani mai suna Lawson, ya gaya masa cewa in an kawo masa kunkuru, da ya dubi ƙoƙon bayansa zai faɗi tsibirin da ya fito. Darwin bai ba maganar muhimmanci ba a lokacin. Har 'yan tsuntsayen da ya tara bai rubuta tsibirin da ya kamo kowanne ba, sai da ya koma Ingila, masanin tsuntsaye John Gould ya nuna masa a 1837 cewa iri-iri ne na dangi ɗaya, sa'an nan ya shiga neman bayanan abokan tafiyarsa don ya cike giɓin. Watau mazaunin wuri ya riga baƙon masani sanin abin, baƙon ne ya yi jinkirin saurare. A riƙe wannan, za a komo kansa.

Kafin zuwan Darwin da bayansa, masu farautar manyan kifayen teku sun yi ta kwasar kunkuru suna jibgewa a jirage, saboda yakan yi watanni ba ci ba sha bai mutu ba, ya zama nama ɗanye a tsakiyar teku. An ƙiyasta sun kwashe fiye da 100,000. Suka kuma bar awaki da aladu da ɓeraye. A tsibirin Pinta awaki uku aka saka a 1959, cikin shekara goma sha kaɗan suka kai dubun-dubatar, suka cinye ganyen da kunkuru ke ci. Kunkuru ɗaya tak aka samu a tsibirin a 1971, namiji, ya zauna a hannun masu kiwonsa har ya mutu a watan Yuni na 2012 bai bar baya ba, irinsa ya ƙare ke nan. A tsibirin Española kuwa an yi sa'a. An sami guda 14, mata 12 da maza 2, aka kwaso su, aka ƙaro namiji ɗaya daga gidan dabbobi na San Diego a Amurka, aka yi ta ƙyanƙyasa ana mayarwa har adadin ya haura 2,000, aka rufe shirin a 2020. Ekwado ta mai da kashi 97 cikin ɗari na ƙasar tsibiran gandun ƙasa a 1959, aka buɗe tashar bincike a 1964. Tsakanin 1997 da 2006 aka kashe awaki sama da 140,000. Dabarar da aka yi a ƙarshe za ta ba makiyayi dariya: a ɗaura wa akuya na'urar rediyo a wuya a sake ta, ita kuwa ba ta iya zaman kaɗaici, sai ta nemo 'yan'uwanta da suka ɓuya, maharba su bi ta.

Amma aikin da ya fi cancantar a tsaya a kansa shi ne na wani miji da mata, Peter da Rosemary Grant. Daga 1973 suka lazimci wani ɗan tsibiri da ake kira Daphne Major, wanda bai kai rabin murabba'in kilomita ba, ba rijiya, ba inuwar kirki. Shekara arba'in suna komawa su da ɗalibansu. Aikinsu shi ne su kama 'yan tsuntsaye masu girman gwara, su auna nauyi da fiffike da baki, su sa wa kowanne zobe mai lamba a ƙafa, su san uwarsa da ubansa, su kuma ƙirga ƙwayoyin tsaba da ke ƙasa. A 1977 aka yi fari. Ƙananan tsaba masu taushi suka ƙare, sai manya masu tauri. Kimanin kashi 85 cikin ɗari na wani iri daga cikin tsuntsayen suka mutu, waɗanda suka tsira galibinsu masu kaurin baki ne, 'ya'yan da suka haifa kuma bakinsu ya ɗara na zuriyar da ta gabata da wajen kashi 4 cikin ɗari. Da aka sami ruwa mai yawa a 1983, ƙananan tsaba suka yawaita, sai al'amarin ya juya. Ba da wata babbar na'ura aka gano wannan ba. Kayan aikin su ne raga da ma'auni da littafin rubutu. Abin da ya yi tsada shi ne komawa kowace shekara, har da shekarun da babu wani abin a zo a gani, domin da ba a auna a 1976 ba, da awon 1978 bai nuna kome ba.

Tsibiri a tsandauri

Wani zai ce, to, ina Rabah ina teku? A 1967 masana biyu na Amurka, MacArthur da Wilson, suka fitar da wata ƙa'ida, cewa yawan ire-iren halittun da tsibiri zai iya riƙewa ya dogara ne ga girmansa da kuma nisansa daga inda sababbi za su zo. Ƙaramin tsibiri mai nisa yakan yi ta asarar iri, ba ya samun madadi. Ba da daɗewa ba aka fahimci cewa ba lalle sai ruwa ya kewaye wuri yake zama tsibiri ba. Ga gada ko barewa, gonakin gero da suka kewaye daji teku ne, in ta shiga ba ta fita. Dajin Gundumi a zamanin Barth yanki ne na daji mai haɗe da wasu dazuzzuka. Da gonaki da hanyoyin mota suka yanke shi, sai ya zama tsibiri, kuma duk shekarar da aka ci gefensa tsibirin ƙanƙancewa yake yi. Haka fadama take da rani, ɗan kore ne siriri a tsakiyar ƙasa busasshiya, inda kirinjijiya da dinya da zalɓe da gauraka suke taruwa domin ba su da wani wurin.

Ita fadamar ma an taɓa ta. An gama madatsar Bakolori a kan Gulbin Sakkwato a 1978, ta Goronyo kuma a kan Rima a 1984, mai tsawon sama da kilomita 12, mai riƙe ruwa fiye da kubik mita miliyan 900. Wani masanin labarin ƙasa daga Ingila, W. M. Adams, ya yi nazarin ƙauyukan da ke ƙasa da Bakolori, ya buga sakamakon a 1985. Ya tarar ambaliyar da ke shayar da fadama ta ragu, manoma sun bar shinkafa sun koma gero da dawa, kifi ya yi ƙaranci har masunta suna barin gida. Dalilin a fili yake ga kowane Basarke: kifi yana bin sabon ruwa ne ya hau fadama ya yi ƙwai cikin ciyawa, in ruwa bai hau ba babu 'ya'ya. Abin da ya sami kifi kuwa ya sami tsuntsun da ke cin kifin. Wannan ba suka ba ne ga madatsa, domin birnin Sakkwato yana sha daga Rima, manoman albasa da alkama da shinkafa na Wurno da Goronyo kuma sun san amfanin ruwan rani. Magana ce ta lokacin da ake sakin ruwa da yawan da ake saki, kuma wannan abu ne da awo kaɗai zai iya daidaitawa.

Akwai kuma kunkuru. Bahaushe ya ce kunkuru yana son dambe ba shi da yatsa, ya mai da shi abin raha. Amma babban kunkurun Sahel, mai haƙa rami ya shige lokacin bazara, shi ne na uku a girma a duniya, daga na Galafagos da na tsibirin Aldabra sai shi, kuma a kan nahiya babu kamarsa. An sa shi cikin jerin dabbobin da ke fuskantar ƙarewa. Abin da ke cin sa bai bambanta da na ɗan'uwansa na Pinta ba: dabbobin kiwo sun rigaye shi ga ciyawa, gobarar daji tana ƙona shi, ana kuma kamawa a sayar ko a ajiye a gida don ado.

Abin da ƙidaya ta nuna a maƙwabta

Inda aka yi ƙidaya a wannan shiyya ta Sahel, sakamakon ya girgiza mutane. Wani Bafaranshe mai suna Thiollay ya bi hanyoyin mota a Burkina Faso da Mali da Nijar yana ƙirga tsuntsaye masu farauta tsakanin 1969 da 1973, ya sake bin hanyoyin nan a 2003 da 2004. Manyan ungulaye sun ragu da kusan kashi 98 cikin ɗari a wajen gandun da ake tsaro. Ungulun mahauta ma, wadda a da ba a rasa ta a kan kowace rumfar nama, a 2015 aka sa ta a matakin haɗari mafi tsanani. Guba tana cikin dalilai, haka kuma cinikin kai da ƙafafunta a kasuwar masu magani. Ana cewa ungulu ba ta jewar banza. Yaron da ya tashi bai ga jewar ba, yaya za a fassara masa karin maganar?

Raƙumin dawa ya ba da labari mai daɗi. A farkon ƙarni na 20 yana yawo daga Senegal har tafkin Cadi. A 1996 guda 49 suka rage a duk Afirka ta Yamma, a yankin Kure kusa da Yamai. Masu bincike suka ɗauki hoton kowanne, tun da zanen jikin wani ba ya kama da na wani, aka hana farauta, aka kuma taimaki manoman da yake ci wa wake. Kafin 2018 sun haura 600, har aka ɗebi takwas aka kai gandun Gadabeji a jihar Maraɗi. Ba cikin shinge suka farfaɗo ba, cikin gonakin talakawa ne, kuma wannan ya fi kama da halin Rabah fiye da Galafagos, inda aka iya keɓe kusan ƙasar duka.

Ƙidaya tana kuma nuna alaƙar da ido ba ya gani. A bazarar 1969 masu ƙirgar tsuntsaye a Ingila suka ga wani ɗan tsuntsu mai farin maƙogwaro ya ragu da wajen kashi uku cikin huɗu a shekara guda. Sai a 1974 aka tabbatar da dalili: a Sahel yake cin rani, fari ya kashe shi. Watau tsuntsu ya kai labarin farin can kafin babbar yunwar 1973 ta sa duniya ta waiwayo.

Hurumi da masu sani

Kada a ɗauka tsare daji baƙon tunani ne. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya yi littafi a kan hukuncin ƙasa, Ta'alimur Radi, inda ya yi bayanin raya mataccen fili da hurumin gari da na rijiya, da filin da shugaba ke keɓewa don amfanin jama'a. Kalmar hurumi tana bakin kowa har yau. Sarkin ruwa yana rufe gurbi ya hana su har kifi ya girma, kuma a kan wannan al'ada bikin Argungu ya tsaya. Maharbi yana da watannin da ba ya harbin mai ciki. Wanda ya sassaƙa kan burtu ya ɗaura a goshi, ya yi rarrafe har ya shiga tsakiyar namun daji ba su gudu ba, ai ya yi nazarin halin dabba fiye da wanda ya karanta a littafi.

Nan ne maganar Lawson ta dawo. Likita Dalziel, wanda ya buga ƙamus na sunayen itatuwan Hausa a 1916, da Bargery mai babban ƙamus na 1934, daga bakin irin waɗannan mutane suka ɗebo abin da suka rubuta. Sai dai ƙamus yana ba da suna ne, ba ya faɗin wuri da shekara. Tsoho a Gandi ko Achida ko Shinaka zai iya cewa, a fadama kaza aka kashe gwanki na ƙarshe, shekarar da aka naɗa hakimi wane. In aka tara irin wannan daga bakin mutum ɗari, aka daidaita da jerin sarauta da shekarun yunwa, an sami taswirar ja da bayan kowace dabba. Wannan aiki masanin dabbobi ba zai iya shi kaɗai ba, domin tsuntsu ɗaya fakara ne a wani gari, makwarwa a wani, kuma suna ɗaya kan hau dabba biyu. Mai nazarin harshe ma ba zai iya shi kaɗai ba, don ba ya rarrabe ƙaho da ƙaho. Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, wadda aka kafa a 1975, tana da ɓangarorin biyu a harabarta. Akwai kuma cibiyar nazarin tsuntsaye ta Leventis a Jos, wadda ta soma shirin taswirar tsuntsayen Nijeriya a 2015, inda masu sa kai suke aika abin da suka gani.

Akwai cikas babba da ba za a ɓoye ba. A watan Yuli na 2018 'yan bindiga suka kai hari ƙauyen Tabanni a gundumar Gandi ta ƙaramar hukumar Rabah, suka kashe mutane da dama, dubbai suka yi gudun hijira zuwa Gandi, kuma a shekarun da suka biyo baya sunan Gundumi ya koma fitowa a labarai a matsayin maɓoyar ɓarayi. Ba mai hankalin da zai tura ɗalibi da raga cikin irin wannan daji, kuma wanda aka kore daga gonarsa ba za a tare shi da zancen kunkuru ba. Kada kuma a yi zaton tsoro zai tsare dajin kamar zamanin Barth, domin maharan wancan lokaci wucewa suke yi da baka da mashi, na wannan zamani kuwa zama suka yi da bindiga mai sarrafa kanta, suna kuma bukatar nama da itace.

Duk da haka akwai ɓangaren aikin da ba ya bukatar shiga daji. Tsofaffin da ke da labarin suna cikin gari, waɗansu ma gudun hijira ya kawo su kusa, kuma ba za su jira ba. Tafkin Goronyo ana iya ƙirga tsuntsayensa daga kan madatsa a watan Janairu, lokacin da ake ƙidayar tsuntsayen ruwa a sauran ƙasashe. Shamuwa kuwa da kanta take zuwa tsakiyar gari gabanin damina, bayan ta ci rani a kudancin Afirka, ta yi sheƙa a kan tsamiya ko kuka, ba mai taɓa ta. Malamin firamare a Rabah ko Wurno yana iya buɗe littafi mai layi uku: ranar da aka ga shamuwa ta farko, yawan sheƙar da ke garin, da ranar da aka yi ruwan shuka. In aka sauya shi zuwa wata makaranta, ya bar littafin a hannun wanda ya gaje shi.